Za a ɗora min inji, in taɓa kuloci ko in ƙyale shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla gare ni manuwal, injinta ya buga, na samo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, jibi za a ɗora. Bakanikena ya ce tunda inji na ƙasa a sauya kuloci gaba ɗaya, ni kuwa kuɗin inji ya gama da aljihuna. Giya na shiga lafiya, sai dai in na ɗauko iyali muka hau gadar Ƙofar Nasarawa, inji ya yi ta gurnani motar ba ta ja. Me zan duba?

Wani bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan gurnanin ba ja, santsin kuloci ne, faifan ya cinye. Kuloci tsakanin inji da giyabos yake, yau a buɗe yake. In aka rufe ya ba ka matsala, sai an sake sauke giyabos, ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Ka je garejin da ƙafarka a miƙo maka faifan. Dubi ƙusoshin da suka riƙe fatarsa: Toyota ta ce zurfinsu kada ya gaza milimita 0.3, in sun kusa fitowa fili ya gama aiki. Girgiza shi, in sifirin ɗin tsakiya na ƙwalƙwal, a cire. Ka juya boris ɗin kuloci da yatsa, in yana gurza kada a mayar da shi. Fulawil kuma, wato farantin ƙarfen bayan inji da faifan ke mannewa a jikinsa, in ya yi shuɗi-shuɗi ko ya tsattsage, zafi ya ci shi.

Wani direba: Yallaɓai, ka tambaya ko injin daga otomatik aka ciro shi. Nawa haka ya zo, ba fulawil ɗin da kuloci zai kama, sai da aka ɗauko fulawil ɗin tsohon injina aka ɗaura.

Bakaniken: Gaskiya ne. Kafin a ɗaura ma a sa sabon sil na bayan inji. In yana yoyo, baƙin mai zai jiƙa sabon faifan cikin 'yan watanni.

Mai tambaya: Na je ɗazu, ƙusoshin har sun fara sheƙi. Na ce a sayo faifai da boris da sil, fulawil ɗin lafiya lau. Allah ya saka muku da alheri.