Sheffield: makami ne ya ci shi, ko sakaci?

Tsohon Soja: Jama'a, ina nan kan bakana. HMS Sheffield, jirgin ruwan yaƙin Birtaniya da aka rasa a yaƙin tsibiran Fokland, sakacin mutanensa ne ya ci shi kafin Exocet, makami mai linzamin da jiragen saman Ajantina suka harba masa. Ranar 4 ga Mayu 1982 jirgin Glasgow, abokin gadinsa, ya jiyo jiragen saman Ajantina samfurin Super Étendard, ya yi gargaɗi. A lokacin jami'in da ke lura da harin sama a Sheffield ya bar ɗakin aiki, yana can yana shan kofi.

Injiniya: Baba, da girmanka, kayan sun yi wa mutum ɗaya yawa. A daidai wannan lokaci jirgin yana aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wanda ke toshe kunnen na'urar da ke jiyo radar abokan gaba. Sannan makaminsa Sea Dart, don jiragen da ke can sama aka yi shi. Exocet kuwa shafo kan ruwa yake yi.

Ɗan Birni: Ni dai na ji da alminiyam aka yi saman Sheffield, shi ya sa ya ci wuta haka.

Injiniya: A'a ƙanena, ƙarfe ne. Jiragen ruwan yaƙi Ardent da Antelope ne masu alminiyam, mutane ke haɗa su.

Malama: Ni abin da ke tsaya mini a rai wutar ce. Exocet ɗin ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, sai ga ma'aikatan jirgin da bokiti suna ɗebo ruwan teku, baƙin hayaƙi ya cika ko'ina. Mutum 20 suka mutu, cikinsu har da masu dafa abinci da ke kicin. Daga baya Kyaftin Sam Salt ya ce a bar jirgin. Bai nutse ba sai 10 ga wata, jirgin Yarmouth na jan sa, igiyar ruwa na kwarara ta ramin da ke gefensa.

Tsohon Soja: Allah Sarki. To Injiniya, kwamitin binciken sojan ruwan da kansa ya samu jami'ai biyu da sakaci, amma ba a gurfanar da kowa a kotun soja ba. Cikakken rahoton ma sai 2017 ya fito. In babu abin ɓoyewa, me ya sa iyalai suka jira shekara 35?

Injiniya: Wannan na yarda da kai, Baba. Amma ko jami'in na kan kujerarsa, ban ga makamin da zai tare Exocet da shi ba.