Lauya ne ni, ana so in fito takarar majalisar jiha

Baban Ummi: Salamu alaikum. Shekarata 11 ina aikin lauya, ina da ɗan ofis da yara biyu a ƙarƙashina. Dattawan mazaɓarmu sun zo har gida sau biyu, wai in fito majalisar jiha. Waɗanda suka taɓa yi, ofishin kuka rufe ko kun bar wa yara?

Ɗan Kurmi: Barista, wace jam'iyya tukuna? Fom kaɗai miliyan 2 ne.

Hajiyar Zoo Road: A APC ke nan a 2022. PDP dubu 600 ta sayar da nata.

Tsohon Ɗan Takara: Ku bar zancen fom, shi ne mai arha. Ni ma dattawa ne suka zo, har da goro. Na sayar da filin da na ajiye wa yara. Daren zaɓen fidda gwani na kwana ina bin daliget ɗaki-ɗaki a otal, kowa ya karɓi ambulan, ya ce "Alhaji ka je ka yi barci." Da safe aka ƙirga, ƙuri'a 3. Ashe tun la'asar sunan wani ya sauko daga sama. Wanda ya fara kawo min goron, shi ya ɗaga hannun yaron.

Ɗan Kurmi: Ukun ma ka gode Allah, wani ko wakilinsa bai zaɓe shi ba 😂

Malam Na Gwale: Kada ku karya masa gwiwa. Tambuwal ba lauya ba ne? Ya yi kakakin majalisar wakilai, ya yi gwamnan Sakkwato shekara 8.

Tsohon Ɗan Takara: M.A. Abubakar na Bauchi ma lauya ne, zango ɗaya aka kayar da shi a 2019. Malam, kai ko kansila ka taɓa nema?

Malam Na Gwale: Sai wanda ya faɗi ne mai bakin magana?

Baban Ummi: Jama'a, ofishin fa nake tambaya.

Hajiyar Zoo Road: Don Allah ko za ka tafi, ka miƙa wa mutane fayil ɗinsu. Lauyan da ke riƙe da shari'ar gadonmu tun da ya buga fosta bai sake taka kotu ba. Yaro yake turowa ya roƙi a ɗage. Takardun gidan na hannunsa, waya kuma ba ya ɗauka.

Ɗan Kurmi: Hajiya, naku gado ne. Mu kan iyakar gona aka ɗage mana sau bakwai, har alƙalin aka sauya.