Kular furosesa ta hau kan ƙarfen sanyaya SSD: in danne ko in sauya masa wuri?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in yi ɓarna. Wata takwas ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, ta aikin tace bidiyon biki. Jiya kaya suka cika: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 7 7700X, madabod (babban allon da ake ɗora komai a kai) mai mazaunin furosesa samfurin AM5, kula (na'urar sanyaya furosesa) mai hasumiya biyu da fanka biyu, sai SSD (ma'ajiyar fayiloli) na Gen5, wato wanda ya fi na Gen4 gudu. Da yake an ce min irin wannan SSD akwai ɗaukar zafi, sai na sayo masa dogon ƙarfen sanyaya daban, na auna shi da rula ya kai milimita 45, na cire siririn murfin da ya zo da madabod ɗin na ajiye.

Ramin M.2 na farko, wato inda ake sa SSD ɗin, yana tsakanin furosesa da ramin katin girafik. Da na ɗora kular, sai siraran ƙarafanta na ƙasa suka hau kafaɗar ƙarfen SSD ɗin. Sukuru ɗaya ya kama, ɗayan kuwa sai an danna da ƙarfi. Na haska da tocilan waya na ga kular ta ɗan karkace, da na ɗaga ta kuma man da ake shafawa tsakanin furosesa da kula duk ya taru gefe guda. Ban kunna ba. In danne in ɗaure haka nan? In lanƙwasa ƙarafan da filaya? Ko in mai da SSD ɗin ramin ƙasa?

Wani mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kar ka danne. Man nan da ka gani ya taru gefe guda, shi ne shaidar cewa gindin kular bai zauna daram a kan furosesar ba. In ka ɗaure a haka, rabin furosesar ne zai sha sanyi, sannan nauyin kular da matsin sukurunta za su sauka a kan SSD ɗin. Manyan kulolin nan ba wasa ba ne, kular NH-D15 ta kamfanin Noctua da fankokinta ta haura kilo ɗaya. Shi kuwa SSD ɗan falle ne, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80, sukuru ɗaya tak ke riƙe da shi a ƙarshe. Ya lanƙwashe, ko ramin ya tsage, kuɗinka sun tafi. Ajiye sukundireba tukuna.

Wani ɗan uwa:
Ni dai a ganina mai da shi ramin ƙasa kawai ka huta. Nawa a can yake shekara biyu, ban taɓa ganin matsala ba.

Wata mai haɗa kwamfutoci:
Malam, naka Gen nawa ne? In Gen4 ne, gaskiyarka. Amma shi Gen5 ya saya. A yawancin madabod na AM5, ramin sama ne yake haɗe da furosesa kai tsaye, shi ne kuma mai Gen5 in akwai. Na ƙasan galibi ta cipset suke bi, wato 'yar na'urar madabod da ke haɗa sauran kaya da furosesa, ita kuwa hanyarta zuwa furosesa layi huɗu ne na Gen4, kuma da su USB da SATA ake rabawa. SSD mai iya karanta megabait 12,000 a daƙiƙa zai dawo wajen 7,000. Zai yi aiki sarai, sai dai ya biya kuɗin doki ne yana tafiyar jaki. Wani ramin ma a bayan katin girafik yake, inda ƙarfe mai milimita 45 ba zai shiga ba ko kusa.

Mai tambaya, kafin komai duba min abu ɗaya. Sandunan nan biyu da ake ɗaura wa madabod kafin a ɗora kular, ramuka nawa ne a jikinsu? A furosesoshin AM5, ɓangaren da ya fi zafi ba a tsakiya yake ba, ya ɗan gangaro ƙasa. Shi ya sa a 2023 Noctua ta fito da sanduna masu gusar da kular milimita 7 zuwa ƙasa, wasu kamfanonin ma suna da irin dabarar. To ƙasan nan, daidai wajen ramin M.2 ke nan. A jikin sandar za ka ga an rubuta 0 a wani rami, -7 a wani. In a na biyun ka ɗaura, kai ka tura kular kan SSD ɗin ba ka sani ba. Ribar gusawar digiri 1 zuwa 3 ce kawai, ba ta kai a karya kaya dominta ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wallahi haka ne, a ramin gusawar na ɗaura, don shi na gani a hoton takardar. Yanzu na mai da kular ramin tsakiya. Sukurun biyu sun kama ba tare da na danna ba. Sai dai tazarar kaɗan ce, katin ATM ɗaya ke wucewa tsakanin kular da ƙarfen SSD ɗin, biyu ba sa shiga. Wayar ƙarfen da ke riƙe fankar tsakiya kuma tana ɗan gogar shi.

Mai gyaran kwamfuta:
Madalla. Wayar fanka ba matsala ba ce, cire ta ka ɗaga fankar sama, tsayin siraran ƙarafan kular biyu ko uku, ka sake maƙalawa. Sai ka tabbata murfin akwatin kwamfutar zai rufu, don manyan kulolin nan tsayinsu na kaiwa milimita 160 zuwa 165, akwatuna da yawa kuma iyakarsu ke nan.

Amma in ƙanena ne na jini, ce masa zan yi ya cire dogon ƙarfen nan gaba ɗaya, ya mai da murfin da ya zo da madabod. Dalilina ba zafi ba ne, ranar gyara nake hangowa. Ɗan kunnen robar da ake dannawa a saki katin girafik yana nan kusa da wurin. Da hasumiya a sama, dogon ƙarfe a tsakiya, kati a ƙasa, yatsa ba ya shiga. Na sha karɓar madabod da aka zura sukundireba a wannan lungun, ya zame ya kankare layukan jikinsa. Kuma ƙurar hunturu a irin wannan matsatsin take daskarewa.

In za ka mai da murfin, akwai robar nan mai laushi a cikinsa da aka lulluɓe da 'yar leda, ka ɓare ledar. Mutane da yawa suna mantawa. Takardar jikin SSD kuwa bar ta, garantinka ce. Kar kuma ka ɗora murfi a kan wani ƙarfen, ɗaya ake sawa.

Mai haɗa kwamfutoci:
A nan ne ban bi ka duka ba, Yaya. Tace bidiyo ba wasan gem ba ne. In yana kwashe gigabait ɗari biyu ko uku daga kamara a zama ɗaya, a ɗakin da ba AC, cikin Afrilu da zafi ke haura digiri 40, siririn murfi zai iya cika da zafi, SSD ɗin ya rage gudu da kansa don ya tsira. Ya gwada mana ya gani da idonsa. Ya fara da murfin madabod, ya buɗe manhajar duba zafi irin HWiNFO ko CrystalDiskInfo, ya kwafi babban fayil na minti goma da rana tsaka. In yana zama ƙasa da digiri 70 kuma gudun bai faɗi ba, shi ke nan. In ya faɗi, sai dogon ƙarfen ya dawo, tunda yanzu yana shiga. Iskar fankar tsakiya ma tana ɗan bi ta kansa, abin da masu kular ruwa ba sa samu.

In kuma wata rana zai sauya kula, akwai waɗanda aka ƙera a karkace don su kauce wa wannan gefen, irin NH-D15S.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na goge tsohon man, zan sa sabo. SSD da murfinsa zan fara ɗaurawa, sai RAM, sai kular, katin girafik a ƙarshe. Gobe bayan azahar zan yi gwajin da bidiyon bikin da na ɗauka ranar Asabar, in turo muku lambobin.