"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": har da hannun da ya yar da kai?

Nas a Landan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku warware min wannan karin magana, don na faɗe shi a inda ya ƙi zama. Abokiyar aikina 'yar asalin Jamaika ce, ta kusa ritaya. Babanta ya shigo Ingila a 1961, ana rububin shigowa kafin dokar shige da fice ta 1962 ta ƙuntata hanya, ya zama kwandastan bas. Ya bar ta wurin kakarta tana shekara biyu. Duk ƙarshen shekara sai ganga ta iso cike da shinkafa, sabulu da takalma, shi ya sa a can ake kiran irinsu 'ya'yan ganga. Da ya aika aka kawo ta tana shekara goma sha ɗaya, ta tarar da wata mata da ƙanne uku da ba su san da ita ba. Ta bar gidan tana sha bakwai. Yanzu tsohon yana kwance a unguwar Biriston, nan Landan, ya aiko yana nemanta. Na fassara mata karin maganar, sai ta dube ni ta ce, "Ni da ke mun sha shiga ɗakin tiyata. Hannun da ya ruɓe yanke shi ake yi, ko ya kashe mai shi." Na rasa ta cewa.

Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin aza maganar a kan wanda ba nasa ba. Mu kan faɗe ta ne ga babba a kan na ƙasa da shi: uban da ɗansa ya lalace, ko wan da ƙaninsa ya jawo abin kunya. Mai jiki ake roƙo kada ya yar da hannu. A labarin nan ita ce hannun, shi ne mai jikin. Tun 1961 ya kamata wani ya faɗa masa.

Hajiya daga Maraɗi:
Malam, ban yarda ba. Uba ai uba ne. Mutumin nan bai yar da ita ba, ci-rani ya tafi, kuma ganga ba ta cika kanta. Wanda yake kwana a ɗaki guda cikin sanyin Ingila, masu gidaje suna ƙin ba shi haya saboda launin fatarsa, kuna jin daɗi ya je sha? Ko a Suratu Luƙman an ce a zauna da iyaye da kyautatawa a duniya, ko da addini ya raba. Ita ma Kirista ce, littafinsu ya ce a girmama uba da uwa.

Ɗan Zango, Kumasi:
Hajiya, ki yi haƙuri, ni abin ya taɓa. Babana ya bar ni a Tawa wurin kakata, ya zo nan fataucin goro. Kuɗi na zuwa, atamfa na zuwa, shi bai zo ba. Ranar da aka kawo ni na durƙusa na gaishe shi kamar baƙo, bakina ya kasa cewa Baba har wata shida. Mun shirya daga baya, amma ba wa'azi ya shirya mu ba. Wata rana bayan isha'i ya ce, "Na cuce ka, ka yafe min." Shi ke nan. Ni karin maganar da zan ba ta shi ne "zumunta a ƙafa take". Tsohon ya aiko, ya taka tasa ke nan. Ta je ta ji abin da zai ce, ba sai ta ɗauki alkawarin yafewa tun daga gida ba.

Nas a Landan:
Na gode muku. Ta je ranar Lahadi, ni na kai ta. Bai nemi gafara ba tukuna, ita ma ba ta kira shi Baba ba. Ya sa aka miƙo masa wani tsohon gwangwanin biskit. Ciki takardu ne guda tara, kowace da zanen tafin ƙafar yarinya, waɗanda kakarta ke aiko masa don ya san girman takalmin da zai saya. Ta jera su a kan gado daga ƙarami zuwa babba, ta daɗe tana kallo. Ta ce min Lahadi mai zuwa ma in zo in ɗauke ta.