Wai meye wannan makin da ake tarawa kafin a ba mutum izinin harbin elk a Amurka?

Abban Hanifa, Anguwan Rogo:
Salam jama'a. Ƙanina da ke jihar Arizona ne ya kira ni jiya yana ta mita wai bana ma ƙuri'a ba ta faɗo kansa ba, shekara 7 kenan yana neman izinin harbin elk, wata ƙatuwar dabba ce dangin barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya, amma wai ya ƙara maki ɗaya. Ni dai farautar da na sani a tara karnuka a cika mota a nufi dajin Toro, ba mai tambayarka maki. Wanda ya gane ya warware min don Allah.

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Masu nema sun fi takardun izinin yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa jiha ke yin ƙuri'a duk shekara. In ba ka ci ba sai a rubuta maka maki ɗaya, kuma kowane maki kamar an ƙara jefa sunanka ne cikin ƙwarya, mai maki 7 sunansa sau 8 zai shiga kenan, har da na bana. A Arizona kashi 20 cikin 100 na takardun, waɗanda suka fi yawan maki ake fara ba, sauran kuma kowa da rabonsa, wanda ya fara nema bana ma zai iya ɗauka a gaban ƙanin naka. Jihar Nebada su ninka makin suke da kansa, mai 5 ya zama 25 a ƙara ɗaya na bana. Ranar da ka ci kuma makin ya ƙone, ka koma farko.

Maman Ilham:
To Injiniya wannan ba caca ba ce kuwa? Kuɗi fa ake biya duk shekara a tashi ba ko tsoka ɗaya.

Injiniya Sabo:
Hajiya wannan sai malamai, ni dai na san asusun hukumar kula da namun daji kuɗin ke shiga.

Ɗan Bukur:
Kar a haɗa shi da na jihar Kolorado, can yawanci layi ne zalla, wanda ya fi maki shi ke ɗauka, kuma matsalar layin gudu yake yana barinka, kana ƙara ɗaya a shekara makin da ake buƙata shima yana hawa saboda mutanen da suka taru gabanka, mutum sai ya yi furfura bai kamo ba. Jihohin Aidaho da Niyu Meziko ba ruwansu da maki sam, kuma wallahi ni nasu ya fi kwanta min.

Abban Hanifa:
Na gode Injiniya. Bari in ce masa ya daina ƙirga shekaru kamar adashi, wannan ba a san ranar kwasa ba. In ya matsu ya zo gida da sallah in yanka masa rago.