Wai meye bambancin laga da el ne?

Ummi_Kimiyya: Salam jama'a, ina karanta kimiyyar abinci ne, an ba mu asamen kan giyar da ƙananan masana'antu ke haɗawa, kaina ya ɗaure wallahi. Laga, el, sitawut, IPA (wato India Pale Ale)... ni da na ɗauka kala ce ke raba su, baƙa daban fara daban. Ban taɓa sha ba balle in gane ta ɗanɗano, a taimaka.

Injiniya_K: 'Yar uwa cire maganar kala a ranki, yis ne ke raba su gida biyu. Na el yana son ɗan ɗumi, wajen digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Celsius, yana tasowa sama ya gama aiki da wuri kuma ya bar ƙamshi kamar na 'ya'yan itace, shi kuma na laga sanyi yake so, digiri 7 zuwa 13, ya kwanta ƙasa, sannan a ajiye giyar makonni cikin sanyi. Sunan laga ma daga Jamusanci ne, ma'anarsa ajiyewa. Sitawut da IPA duk 'yan gidan el ne.

Ummi_Kimiyya: Ikon Allah, to baƙin fa daga ina?

Injiniya_K: Gasa sha'ir ake har ya yi duhu kamar kofi, shi kenan. Kuma ba ƙarfi yake ƙara mata ba, Guinness Draught da baƙinta wuluk sinadarin da ke sa maye a cikinta kashi 4.2 cikin ɗari ne kawai, IPA da yawa sun kai 6 ko 7.

Dattijo: Malam ya yi bayani, amma ya manta furen hof, ai shi ne ke kawo ɗacin, kuma yana hana ta lalacewa da wuri, shi ya sa IPA ta Ingila ta yi suna a hanyar Indiya. Amurkawa ne suka farfaɗo da ita suka cika mata hof har abin ya yi yawa a ganina. Ki saka shekaru biyu a asamen ɗin: 1516 dokar Bavariya da ta ce ruwa da sha'ir da hof kaɗai, ko yis ba ta ambata ba, sai 1842 da Josef Groll ya haɗa filsna ta farko, wata irin laga ce, a garin Filsen na ƙasar Cek.

Zee: Ba wanda ya taɓo lambik ta Beljiyam. Su ba sa zuba yis, buɗe ta suke a iska na daji ya faɗa da kansa tare da ƙwayoyin bakteriya, shi ya sa take tsami. Wannan kam a wane gida za ki saka ta, Ummi? 😂

Ummi_Kimiyya: Haba Zee, yanzu fa na gama zana teburi mai layi biyu!