Sauya saitin Django bayan mutane sun riga sun shiga: yaya ta kaya da ku?

Abu Hanif, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na miƙa wa wata makarantar kuɗi manhajar karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa. Da Django na gina ta, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da Python, rumbun bayanan kuma MySQL ne. Sa'ad da na fara, na bar `settings.py` kusan yadda `startproject` ya ba ni shi, na kuma yi aiki da `User` ɗin da Django ya zo da shi, wato teburin da ke riƙe masu shiga manhajar. Yanzu iyaye sun haura ɗari uku a ciki, ga rasit na zango guda cif.

Shekaranjiya mai makarantar ya kira ni, ya ce iyaye sun hana shi sakat: ba sa tuna sunan da suke shiga da shi, da yawansu ba su da imel, shi dai so yake kowa ya shiga da lambar wayarsa. Kuma yana da gaskiya. Na gwada a kwamfutata, na rubuta sabon `User`, na sa `AUTH_USER_MODEL`, ina buga `migrate`, umurnin da ke gina teburan rumbun, sai ya cije da kuskuren `InconsistentMigrationHistory`. Ban taɓa saba (server), wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ba tukuna. Don Allah duk wanda ya taɓa sauya wani babban saiti alhali bayanan mutane na ciki, ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa.

Injiniya Baffa, Kano

Wa alaikumussalam. Malam Abu Hanif, madalla da ba ka taɓa sabar ba. Abin da kuskuren ke gaya maka shi ne, teburin `django_migrations` ya riga ya rubuta cewa an gina `admin` tun tuni, alhali yanzu `admin` ɗin ya dogara da sabon `User` ɗinka wanda a lissafinsa ba a gina ba. Tun fitowar Django 1.5 a 2013 aka ba da damar sauya `User`, kuma su kansu masu Django sun rubuta a jagorarsu cewa a yi hakan tun ranar farko, kafin `migrate` na farko. Yawancinmu sai ruwa ya kai mana wuya muke karanta wurin.

Ni na yi wannan tiyatar bara, a manhajar wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu adashe. Na buɗe sabon sashe (app) a manhajar, na gaji `AbstractUser` ba tare da na ƙara komai ba, na bar sunan ajin a `User`, na sa `db_table = "auth_user"` don ya zauna a kan tsohon teburin. Sunan nan yana da muhimmanci, domin teburin da ke haɗa mutum da rukuninsa yana neman gurbi mai suna `user_id`. Daga nan na fitar da fayil na farko da `makemigrations`, na shiga rumbun da hannuna na rubuta wa `django_migrations` cewa an riga an gudanar da shi. Sai bayan komai ya lafa na ƙara gurbin lambar waya a fayil na biyu.

Bayan sallar isha na fara, na ɗebi kwafin rumbun har biyu, ban tashi ba sai da aka kira assalatu. Na ɗauka na gama. Ƙarfe tara sakatariyar ƙungiyar ta bugo, ta ce ga mutum uku a gabanta sun zo rajista amma wurin ƙara sabon memba ya ɓace mata. Ashe ban gyara `django_content_type` ba. Django ya ga sabon `User` a sabon sashe, ya ƙirƙira masa sababbin izini, nata iznin kuwa yana nan maƙale da tsohon. Layi ɗaya ne gyaran, da na sauya `app_label` na tsohon tun kafin `migrate`, da ba a yi haka ba. Wani abu kuma, ka bincika duk inda ka rubuta `from django.contrib.auth.models import User`, ka mayar da shi `get_user_model()`, a cikin `ForeignKey` kuma `settings.AUTH_USER_MODEL`. Na sami wuri goma sha ɗaya a nawa.

Maman Ilham, Kaduna

Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ni ban ga dalilin da zai sa ɗan'uwanmu ya kwana a kan saba ba. Buƙatar mai makaranta ita ce a shiga da lambar waya, ba a ce dole sai an sauya `User` ba. Irin wannan ta same ni a manhajar wata islamiyya, sai na bar `User` a inda yake, na yi ƙaramin tebur na iyaye da `OneToOneField`, na rubuta ajin tantancewa nawa mai aiki biyu kacal, `authenticate` da `get_user`. Bai kai layi talatin ba. Na ɗora shi a `AUTHENTICATION_BACKENDS`, na bar `ModelBackend` a ƙarƙashinsa don malamai su ci gaba da shiga yadda suka saba. Django yana bin jerin ne ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya amince.

Inda na sha wuya shi ne lambobin kansu. Magatakardan ya ba ni su a Excel, kuma Excel ya cinye sifirin farko na fiye da rabinsu. Wasu an rubuta 0803, wasu +234803, wasu da tazara a tsakani. Sai da na sa `django-phonenumber-field`, na saita `PHONENUMBER_DEFAULT_REGION` a kan `NG`, kowace lamba ta koma siffa ɗaya kafin a ajiye ta.

Sannan ga abin da babu saitin da zai gaya maka. Na sa `unique=True` a gurbin lambar, sai ga gida guda, mata biyu, kowacce da 'ya'yanta a makarantar, wayar kuma ɗaya ce, ta maigida. Na je gidan da kaina don in fahimta. Uwargidan ta ce ita ba ta son abokiyar zamanta ta ga bashin da ake bin ta, kuma wallahi hakkinta ne. Dole na sake tsari, lamba ɗaya tana iya ɗaukar asusu biyu, kalmar sirri ce ke raba su. Ka tambayi makarantar taka tun yanzu ko akwai irin wannan. Ka kuma tuna layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yana sake sayar da shi, saboda haka kada lambar kaɗai ta isa buɗe sakamakon yaro.

Af, na manta. Idan ka yi niyyar amfani da `post_save` don ƙirƙirar teburin iyayen, `bulk_create` ba ya tayar da shi. Na loda iyaye ɗari da wani abu ta wannan hanyar, duk suka shigo ba tare da shi ba.

Injiniya Baffa, Kano

Hajiya, na karɓi gyara. In buƙatar ba ta wuce shiga da lamba ba, hanyarki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni ƙungiyar ta so a cire sunan shiga gaba ɗaya ne, shi ya sa.

Ɗan Maraɗi, Nijar

Sannunku da aiki 'yan'uwa na Najeriya. Wani aboki a Katsina ya ba ni manhajarsa ta shagon magani in daidaita wa wani ɗan kasuwa a nan. Ya kafe lambar waya a kan alƙaluma 11, mu kuwa namu 8 ne bayan +227, don haka ko mai shagon bai iya yin rajista ba. Wannan ƙarami ne. Babban aikin shi ne harshe, domin mai shagon Faransanci yake so, yaransa kuma Hausa.

Faransanci bai ba ni wahala ba, Django ya zo da fassararsa. Hausa kuwa lokacin da na yi aikin ba ta cikin harsunan da ya zo da su, ko da yake na ga Ibo a jerin, wanda aka shigar a 3.1. Na sa `ha` a `LANGUAGE_CODE` kai tsaye, manhajar ta ƙi tashi, ta ce ba ta ga fayil ɗin fassara na harshen ba. Sai da na nuna mata `LOCALE_PATHS`, na girka gettext, na buga `makemessages -l ha`, na zauna kwana huɗu ina fassara, sannan `compilemessages`. Akwatin zaɓen harshe ma ya faɗi, domin `get_language_info` bai san `ha` ba, sai da na ƙara ta a `LANG_INFO` da hannu.

Bayan duk wannan, mai shagon ya zaɓi Faransanci amma shafin ya ƙi juyawa yadda ya kamata. Na jefa `LocaleMiddleware` a ƙarshen jerin `MIDDLEWARE` ne. Mazauninsa bayan `SessionMiddleware` ne, kafin `CommonMiddleware`. Jerin nan ba ado ba ne, daga sama zuwa ƙasa buƙata ke ratsa shi. Kuma mu a nan ƴ muke rubutawa a inda kuke rubuta 'y, wanda ya nemi "'yar" ba ya samun "ƴar".

Sadiq, Jos

Tunda an taɓo haruffa masu lanƙwasa, Yaya Abu Hanif, kafin komai je ka duba da wane tsarin haruffa aka gina rumbunka. MySQL kafin 8.0 da `latin1` yake zuwa in ba a sauya ba, kuma `latin1` bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A sabar haya da na yi aiki a kai, rumbun bai yi ƙorafi ba, shiru ya riƙa mayar da su alamar tambaya. Ranar raba sakamako wani uba ya miƙo min takardar ɗansa, an buga "?anladi". Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Malam, wannan ba sunan ɗana ba ne." Har yau ina jin nauyin maganar. Na mayar da teburan `utf8mb4`, na sa shi a `OPTIONS` na `DATABASES`, amma sunayen da suka riga suka lalace ba su dawo ba, sai da muka sake buga su ɗaya-ɗaya daga rajistar makaranta.

Sauran wurare uku da harafin ya kama ni. `slugify` yana zubar da duk harafin da ba ya iya mayarwa na Turanci, sai "ƙasa" ta koma "asa", "Ɗanjuma" ya koma "anjuma". Ko dai ka sa `allow_unicode=True`, ko ka musanya ƙ da k kafin ka miƙa masa. Rasit ɗin da nake fitarwa da ReportLab kuma baƙin akwati yake sa wa a gurbinsu, domin Helvetica ba ta da su, sai da na yi rajistar DejaVu Sans. Na ukun ya ci kuɗi: saƙon tes na yau da kullum haruffa 160 yake ɗauka, amma da ƙ guda ta shiga sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. A saƙon tes kaɗai nake cire lanƙwasar yanzu, ko'ina kuma sunan mutum yana nan yadda iyayensa suka raɗa masa.

Ummu Khalil, Gombe

Nawa gajere ne. `startproject` yana barin `TIME_ZONE` a kan `UTC`, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Duk wanda ya biya kuɗi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, jiya ake rubuta masa. A ƙarshen wata lissafin mai ajiyar kuɗi ya ƙi daidaita da na banki, har aka fara yi mata wani irin kallo, baiwar Allah ba ta ci ko sisi ba. Na mayar da shi `Africa/Lagos`, matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba, domin na rubuta `timezone.now().date()` a wurare da dama, shi kuwa kullum ranar UTC yake bayarwa. `timezone.localdate()` ne daidai. Tunda MySQL gare ka, ka tabbata an loda masa teburan yankunan lokaci da `mysql_tzinfo_to_sql`, in ba haka ba tace bayanai da `__date` zai dawo maka wayam bayan ka sauya.

Abu Hanif, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi hanyar Maman Ilham, daren jiya na gwada a kan kwafin rumbun, iyaye na shiga da lamba lafiya lau. Na tambayi magatakarda batun gidaje masu waya ɗaya, ya ƙirga min guda tara, don haka na cire `unique=True`. Injiniya, na ajiye matakanka, sabon aikin da zan fara wata mai zuwa da `User` nawa zan buɗe shi.

Sadiq, na duba. `latin1` ne. Na sami suna ashirin da shida da alamar tambaya a ciki, kuma ranar Alhamis za a raba sakamako. Gobe da safe zan je makarantar da kwamfutata mu zauna da magatakarda da rajista. Ummu Khalil, idan na sauya `TIME_ZONE` yanzu, tsofaffin rasit ɗin da na ajiye ranarsu a `DateField` sai na bi su da hannu, ko kin sami wata hanya?